Wa Ke Gadin Gida Idan Mun Tafi Sujada?

'Yan'uwa, duk wanda ke ɗan tsayawa a harabar majami'a bayan an tashi daga sujada ya san irin hirar da ake yi a 'yan shekarun nan. A da, zancen taki ake yi, da na damina, da kuɗin makarantar yara. Yanzu kuwa kafin a gama gaisawa sai ka ji wani ya ce an ɗauke masa janareto, wata ta ce an kwance mata batirin sola, wani kuma an zare masa injin rijiyar burtsatse. In ka tambaya yaushe abin ya faru, sau da yawa amsar ɗaya ce: ran Lahadi da hantsi, ko daren da aka tafi addu'ar kwana, ko kuwa makon Kirsimeti da iyali suka tafi ƙauye. Ɓarawo ba ya bukatar boka ya gaya masa lokacin da gidan Kirista ba kowa. Ƙararrawar majami'a ta ishe shi.

Wannan ne ya sa mutanenmu da dama a Kaduna da Jos da Zariya da sauran garuruwa suka koma ga kyamarar tsaro. In ka bi ta Barnawa ko Sabon Tasha ko Bukuru, za ka ga ƙananan idanun nan a maƙale a jikin katanga, har a gidajen da ba na masu kuɗi ba. Mun ga ya kamata mu yi magana a kan abin, domin mun ga waɗanda suka kashe kuɗi masu yawa amma ranar da bukata ta zo ba su sami komai ba.

Wani dattijo a ikkilisiyarmu ya sa kyamara huɗu a gidansa. Mai haɗawa ya ce masa a kai su can sama ƙarƙashin rufin bene don kada hannu ya kai gare su. Ranar da aka shiga gidan, kyamarorin sun yi aiki sarai, sun ɗauki mutum biyu tun daga tsallake katanga har fita da kaya. Sai dai abin da aka gani shi ne tsakiyar hulunansu. Haka kuma wata 'yar'uwa a zumuntar mata ta ajiye akwatin da ke naɗe hotunan a falo kusa da talabijin, don ta riƙa kallo tana zaune. Da ɓarayi suka zo, suka haɗa talabijin da akwatin suka yi gaba. Kyamarori na nan a bango har yau, shaida kuwa ta bi kaya.

Kafin mu ci gaba, akwai tambayar da wasu masu bi ke yi a ɓoye: anya sa kyamara ba rashin bangaskiya ba ne? Mu dai ba mu ga haka ba. Mai karanta Littafi Mai Tsarki zai tuna da Nehemiya lokacin da ake sake gina garun Urushalima, yadda suka yi addu'a suka kuma sa masu tsaro dare da rana, ba su ɗauki ɗaya ya hana ɗaya ba. Wanda ke kulle ƙofarsa da kwaɗo bayan addu'ar dare bai kamata kyamara ta dame shi ba.

Abin da take iyawa

Shin kyamara tana hana sata da gaske? A shekarar 2019 wasu masana harkar laifuffuka, cikinsu akwai Eric Piza da Brandon Welsh da David Farrington, sun tattara binciken da aka yi cikin shekara 40, mafi yawansa a Ingila da Amurka. Sun iske cewa a wuraren da aka sa kyamara laifuffuka sun ragu da kimanin kashi 13 cikin 100. A wuraren ajiye motoci raguwar ta kai kashi 37, a unguwannin zama kuwa wajen kashi 12. Game da laifuffukan da ake amfani da ƙarfi, irin su duka da kai hari, ba su ga wani canji na a-zo-a-gani ba. Sun kuma lura cewa kyamara ta fi amfani inda akwai mai sa ido a kanta, da inda aka haɗa ta da wasu matakai kamar fitila da masu gadi.

To, ba a ƙasarmu aka yi binciken ba, amma ya yi daidai da abin da muke gani. Kyamara tana tsorata ɓarawon da ke tsoron a gane shi, wato yaron unguwa, ko tsohon ma'aikacin gida, ko mai yawo da buhu yana leƙen inda aka bar ƙofa a buɗe. Irin wannan in ya ɗaga kai ya ga ido na kallonsa, sau da yawa sai ya wuce. Amma 'yan bindigar da ke zuwa da yawa cikin dare ba su damu da hoto ba. Ba mu manta da ranar 5 ga Yuli, 2021 ba, da aka kwashe ɗalibai 121 daga makarantar sakandare ta Bethel Baptist da ke Damishi a ƙaramar hukumar Chikun. Irin wannan masifa ta fi ƙarfin kyamara, aikin hukuma ne. Duk mai sayarwar da ya ce maka na'urarsa za ta kare ka daga masu garkuwa da mutane, kuɗinka yake so. Iyakar abin da za ta yi maka a irin wannan dare shi ne ta nuna maka wanda ke bakin ƙofa kafin ka buɗe, ta ba ka 'yan mintoci na ɓoye yara da buga waya. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Fara da wuta

A ganinmu, kafin mutum ya tambayi sunan kamfani ko kyan hoto, tambayar farko ita ce: me zai riƙe na'urar in an ɗauke wuta? Mun san halin wutarmu tun zamanin NEPA, kuma sauya suna da aka yi, da sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, ba su kawo ƙarshen ɗaukewa ba. A watan Oktoba na 2024 jihohin Arewa da yawa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Ɓarawo kuwa duhu yake so, wato daidai lokacin da kyamarar da ta dogara da wutar gwamnati take barci.

Lissafin ba shi da wuya. Kyamara ɗaya tana cin wuta kamar wat 5, takan ɗan ƙara da dare. Kyamara huɗu da akwatin naɗinsu ba za su wuce wat 40 ba, in ba a kunna allon kallo ba. Batir mai bolt 12 da amfiya 100, irin na ruwa da aka saba, in ba a so ya mutu da wuri ba a zuƙe fiye da rabinsa, wannan rabin kuwa zai riƙe su wajen awa 15. Saboda haka batir ɗaya mai lafiya da farantin sola da zai cika shi da rana sun isa ƙaramin gida. Amma fa a keɓe wa kyamara batirinta. In aka haɗa ta da inbatar da ke ɗauke da firji da fanka da talabijin, yara za su kalli ƙwallo har sha ɗayan dare, ƙarfe biyu na yi komai ya mutu. A kuma sa abin kare na'ura daga tsawa da wutar da kan zo da ƙarfi, musamman ga 'yan'uwanmu na Filato da suka san aradun farkon damina.

Iri nawa ne?

Abin da ke kasuwa ya kasu kamar kashi uku. Akwai masu waya, waɗanda ake jan igiya daga kowace kyamara zuwa akwatin naɗi, wanda 'yan kasuwa ke kira di-bi-ar. Haɗa su akwai wahala da fasa bango, amma in an haɗa an huta, kuma ba sa bukatar intanet kafin su naɗi hoto. Cikinsu akwai na zamani da igiya ɗaya ke kai wuta ta kuma dawo da hoto, sai dai tsawonta kada ya wuce mita 100. Akwai masu waifai da ke ajiye hoto a katin mimori, masu araha da sauƙin sawa, amma bangon bulo na siminti yana rage musu ƙarfi, kuma in an cire kyamarar an tafi da katin. Sai kuma masu sola da ake sa musu layin waya, waɗanda suka dace da gona, ko kangon da ake ginawa, ko gidan ƙauye. Yawancinsu ba sa naɗi sai sun ji motsi, don haka wani lokaci sukan fara ɗauka bayan mutum ya riga ya juya baya.

Mai son irin na ƙarshen nan ya tuna da watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar Zamfara, daga baya kuma a wasu sassan jihar Kaduna har kusan wata biyu. Kyamarar da ba ta da inda take ajiye hoto sai ta intanet, a irin wannan lokaci ado ce kawai. Shawararmu ga gidan da ake zaune a ciki ita ce mai waya, a ƙara mata intanet in da hali don a riƙa gani a wayar hannu.

Manyan kamfanonin da suka cika kasuwa su ne Hikvision da Dahua na ƙasar Sin, akwai kuma wasu da dama. Ba tallar kowa muke yi ba. Abin lura shi ne akwai jabu, kuma araha ba ta ado. A nemi rasit da garanti a rubuce, a kuma sa mai shago ya kunna a gani. A duba jikin kwali: in an rubuta 1080P, wato megafiksel 2 ke nan, kada a sauka ƙasa da haka. Ta waje kuma ta kasance da alamar IP66 ko IP67, wadda ke nuna ƙura da ruwan sama ba sa shigarta. Batun kyamarar bogi mai ƙyafta jar fitila kuwa, wadda babu komai a cikinta, ba ma ba da shawara. Yaran yanzu sun fi mu sanin na'ura.

Inda za a kafa ta

Nan ne aka fi yin kuskure, nan ne kuma ba a bukatar ƙarin kuɗi, sai dai tunani. Kafin a kira mai haɗawa, maigida ya fita waje ya zaga gidansa da idon ɓarawo. Ina katanga ta fi gajarta? Wace bishiya ce ta jingina da ita? Ina lungun da maƙwabta ba sa gani? Ina janareto da batir da babur suke kwana? Sau da yawa za ka ga an jera kyamara uku a gaban gida inda baƙi za su gani su yaba, bayan gida kuwa, wajen kicin da makewayi inda ake tsallakowa, babu ko ɗaya.

Tsayin da ya dace shi ne mita biyu da rabi zuwa uku. Ya fi ƙarfin hannu, amma bai yi nisan da za a rasa fuska ba. Kyamarar da ke ɗaukar fili mai faɗi tana nuna abin da ya faru, amma fuska takan fito ƙanƙanuwa in mutum ya yi nisa. Don haka a sa ɗaya mai matsattsen gani a daidai ƙofar shiga, inda dole mutum ya bi, aikinta kawai ta kama fuska. Kada a fuskantar da ita gabas ko yamma kai tsaye, domin rana in ta haske ta, baƙar inuwa kawai za a gani maimakon mutum. In da hali, kowace kyamara ta kasance cikin ganin wata, yadda mai zuwa ya karya ɗaya zai fito a ɗayar. Igiyoyi kuma a bi da su cikin bututu ko cikin silin.

Da dare kyamara tana amfani da wani haske da idon mutum ba ya gani, hoton ya fito fari da baƙi. Abin da ake rubutawa a kwali na nisan mita 20 ko 30 gaskiya ne wajen ganin motsi, amma gane fuska sai a kusa. In bango ko rufi na dab da idonta, hasken yakan dawo ya kashe hoton. Gizo-gizo ma yana son saƙa a wurin saboda ƙwarin da ke taruwa. Ƙwan fitila ɗaya na sola a bakin ƙofa yakan gyara hoto fiye da ƙarin kuɗin da za a kashe a kan kyamara mai tsada. Kada a yarda a sallami mai haɗawa da rana. A jira dare ya yi, a sa wani yaro ya sa hula ya shigo ta ƙofa, ya kuma zaga ta baya, sa'an nan a duba. In kai da ka haife shi ba ka gane shi a hoton ba, ɗan sanda ba zai gane baƙo ba.

Akwatin naɗi kuwa a ɓoye shi, a cikin silin mai iska ko a kabad mai kulle, ba a falo ba. Faifan ajiya na terabait 1 yakan riƙe hoton kyamara huɗu na kwana goma zuwa mako biyu in suna naɗi dare da rana, daga nan sabo ya hau kan tsoho. Mai tafiya Kirsimeti na mako uku ya yi wannan lissafi tun kafin ya kama hanya.

Akwai kuma batun kalmar sirri. Na'urori da yawa suna zuwa da ta kamfani, irin su 12345, mutane kuma ba sa canzawa. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta shiga dubban ɗaruruwan kyamarori da akwatunan naɗi a duniya ta wannan ƙofa, aka yi amfani da su wajen durƙusar da manyan shafukan intanet a Amurka. Mu a nan haɗarin ya fi kusa da haka. Wanda ya haɗa maka na'ura ya san kalmar, sau da yawa kuma gidanka na nan a wayarsa. Ba muna zargin masu wannan sana'a ba ne, da yawansu 'ya'yanmu ne masu neman halal. Amma ranar da aka gama aiki, ka sa ya nuna maka yadda ake canzawa, ka canza da hannunka bayan ya tafi.

Maƙwabci da mutanen gida

'Yan'uwa, a nan muna roƙo a yi hattara ƙwarai. Da yawanmu muna zaune katanga ɗaya da maƙwabta Musulmi, waɗanda tsakar gidansu wurin iyali ne da baƙon ido ba ya shiga. Kyamarar da aka ɗora a sama tana leƙa tsakar gidan wani tana iya tayar da fitinar da ta fi satar janareto, a garuruwan da muka san abin da ƙaramar magana ta taɓa jawowa. Ko maƙwabcin ɗan ikkilisiyarku ne, ba shi da daɗi. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da na gidansa, a 2023 kuma an sa hannu a dokar kare bayanan jama'a. Amma tun kafin a kai ga doka, abin da ya fi shi ne ka kira maƙwabcinka ka nuna masa allo, ya ga da idonsa iyakar inda kyamararka take gani. Yawancin na'urori suna da hanyar rufe wani sashe na hoto da baƙi. Wanda aka nuna wa haka yakan zama abokin tsaro, har ya ce a ɗan karkato da ita ta kama bakin layi.

A cikin gida ma haka. Ba a sa kyamara a ɗakin kwana ko makewayi, ko na wane ne. Yarinyar da ke taya uwargida aiki ita ma 'yar wani ce, a gaya mata akwai kyamara da inda take. Ikkilisiyoyin da ke sawa su tsaya ga ƙofofi da wurin ajiye motoci da ɗakin ƙirga baiko. Ofishin da Fasto ke sauraron damuwar mutane ba wurinta ba ne.

In an kama hoto

A ce abin ya faru, kuma an sami fuska. Abu na farko, a kwafe hoton a filas tun kafin na'ura ta goge shi, a bar na asali yadda yake, kada a yanke ko a gyara. A kai wa 'yan sanda. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda kotu ta karɓi shaidar da ta fito daga na'ura, amma ana bukatar takardar da ke bayyana na'urar da yadda aka fitar da hoton, da nuna cewa tana aiki daidai a lokacin. Shi ya sa kwanan wata da agogon na'ura suke da muhimmanci. Hoton da ke nuna wata shekara dabam, lauyan wanda ake tuhuma zai yi murna da shi.

Abin da muke tsoro shi ne abin da ya zama ruwan dare, wato a jefa hoton a WhatsApp na unguwa ko na zumunta a ce ga ɓarawo. Hoton dare yana da ruɗi, samari masu tsayi ɗaya da hula iri ɗaya kuma sun yi yawa. Da zarar wani ya ce ai wannan ɗan gidan wane ne, magana ta fita, ba ta dawowa. Mun ga abin da taron fushi ya yi wa ɗalibai huɗu a Aluu ta jihar Ribas a 2012, da matafiya 16 a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, duk a kan zargi. Kada kyamarar da mai bi ya saya don kare batir ta zama sanadin jinin ɗan wani. Ko da an tabbata shi ne, hukunci na hukuma ne. In kuwa yaron na cikin ikkilisiya ne, dattawa da iyayensa su ji kafin duniya ta ji.

Saura kulawa. A 2010 gwamnatin tarayya ta ba da kwangilar dala miliyan 470 ta hanyar sadarwar tsaro, wadda ta haɗa da kyamarori wajen 2,000 a Abuja da Legas. Ba a daɗe ba aka ga da yawansu ba sa aiki, har majalisar wakilai ta yi bincike a kai. In na gwamnati sun mutu a tsaye, na gidanka ma za su iya, ba kuwa za su sanar da kai ba. Ƙurar hunturu kaɗai takan rufe idon kyamara da farantin sola cikin 'yan makonni.

Don haka muna ba da shawara a mai da shi aikin yammacin Asabar, lokacin da ake gugar kayan sujada. A goge gilashi da tsumma mai laushi, a share yanar gizo-gizo, a duba agogo, a komar da hoton daren jiya a tabbata ya naɗu. Ran Lahadi kuma kada mu ga an sunkuyar da kai ana leƙen gida a waya ana tsakiyar wa'azi. A shirya da wanda zai kasance a unguwa, ko ɗan gida da ya yi sujadar farko ya dawo, ko maƙwabcin da kai ma za ka duba masa nasa gidan ran Juma'a in ya tafi masallaci. A ba shi lambar mai unguwa da ta 'yan sintiri da ta ofishin 'yan sanda mafi kusa, a kuma rubuta su a takarda a manna a bayan ƙofa.